Direban Lifta

A ginin kowa Direba yake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sajan, mai gadin babbar ƙofa, shi ya laƙaba masa sunan tun zuwansa, wai ga direban da motarsa ba ta shan mai, ba ta faci, kullum tana kan hanya amma ba ta taɓa barin gida ba. Motar kuwa lifta ce, akwatin ƙarfen nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Aikinsa shi ne ya tsaya a kusurwar dama kusa da maɓallai, cikin riga ruwan toka mai jan zare a kafaɗa, in mutum ya shigo ya ce, “Wane hawa, ranka ya daɗe?” sannan ya danna. Iyakar aikin ke nan. Yaron goye ma in aka ɗaga shi zai iya.

Shi ma ya san da haka. Liftar ba irin ta da can ba ce mai ƙofar raga da sai an sa ƙarfi an ja. Da kanta take buɗewa, da kanta take rufewa. Mai ginin ne, wani dattijo da ke leƙowa jefi-jefi, yake son in ƙofa ta buɗe ya tarar da mutum a tsaye yana rusuna masa. Saboda wannan rusunawar, da sai a yi wata ba a buƙace ta ba, ake ajiye ɗan Adam a akwati daga safe har yamma.

A gida Auta ake ce masa. Mahaifinsu mai gyaran firji ne da fanka, kuma a gindin teburinsa Auta ya tashi, hannu duk baƙin mai. Tun bai iya rubuta sunansa ba yake iya kara kunne a bayan firji ya ce, “Baba, wannan numfashinta bai yi ba.” Da tsohon ya rasu, mai shagon ya karɓe shagonsa ya ba wani mai sayar da takalma. Su biyu suka rage, shi da Yaya, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta goya shi ma. Mijinta ne ya samo masa aikin liftar, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Riƙe wannan kafin a samu na kirki.” Wannan kafin ɗin ne ya yi ta miƙewa har furfura ta fara tsatstsafo wa Auta a gemu.

Aikin yana da dokokinsa, manajan ginin ya karanta masa su tun ranar farko. Ban da gaisuwa da tambayar hawa, ba ya magana. Ba ya kallon fuskar mutane, ko ta madubin da ke bangon baya. In biyu suna hira, shi bango ne. Ya bi dokar har ta bi jikinsa. Ya san mutanen ginin ta takalmansu da turarensu, ya san wanda ke taka ƙasa da ƙarfi in an ƙara masa girma, da wanda ke jan ƙafa ran da aka yi masa faɗa. A gabansa ake ƙulla gulma, a gabansa ake kwance ta. Wata mata daga ofishin lauyoyi ta taɓa shigowa ta fashe da kuka tun daga ƙasa, kafin su kai hawanta ta share ido, ta gyara ɗankwali, ƙofa na buɗewa ta fita tana dariya da wani. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yakan ce a ransa shi mutum ne mai riƙon amana. Bai cika son tuna cewa ko da ya so faɗa, ba shi da wanda zai faɗa wa ba.

Ya taɓa aure. Ba a yi faɗa ba, ba a ji kansu ba, har maƙwabta na yaba zamansu. Wata safiya matar tana ninke kayanta a jaka ta ce masa, cikin sanyin murya kamar mai ba da labarin wasu, “Kai ko a gida sai an danna ka. In na yi shiru, sai mu kwana mu wuni ba wanda ya ce uffan. Na gaji da zama da mutumin da kullum yake jiran in faɗa masa inda za mu.” Ya ɗaukar mata jakar har bakin titi, ya tsayar mata da mota, ya riƙe mata ƙofa ta shiga.

Tun daga nan ɗakin nasa ya koma wurin ajiye jiki kawai. Katifa, kujera, ƙusa a bango inda rigar aiki ke rataye, da wata tsohuwar fanka da ya gyara har ta gaji da gyara. Yana fita kafin mutanen gidan hayar su tashi, yana dawowa sun gama hirarsu ta tsakar gida.

Ranar hutu yakan je gidan Yaya. Ta zuba masa abinci ta tsare shi da ido sai ya cinye, tana yi masa faɗan rama. In ya wanke hannu sai ya gyara zama.

“Yaya, ni fa ina ganin zan bar aikin nan.”

“Ka samu wani ne?”

“Ban samu ba tukuna.”

“To ka bari ka samu mana, Auta. Mutum da hankalinsa ya ajiye aiki ya zauna? Ka ga yadda gari yake kuwa?”

“Yaya, a ina zan samu? Lokacin da ake neman aiki ai ina cikin akwati. Ranar da nake hutu su ma masu ɗaukar aikin suna hutu.”

“Allah zai kawo. Ƙara miya.”

An yi wannan hirar har yaran gidan sun haddace ta, ƙaramarsu takan riga uwar cewa, “Kawu, ka samu wani ne?” a yi dariya. Yaya na son ƙaninta, wannan ba shakka. Amma akwai wani ɗan ɗaki a bayan kicin ɗinta da take tara kaya, kuma duk lokacin da Auta ya ce zai bar aiki, ɗakin nan ne ke faɗo mata a rai, da katifarsa a shimfiɗe a ciki, da irin kallon da maigidanta zai riƙa yi mata a kan tabarmar cin abinci. Shi kuma Auta bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ita kaɗai yake kai wa wannan shawara ba. Da so yake a ce masa ya bari, ai ga Iya mai shara, tsohuwar da ke goge daɓen ginin, wadda kullum in ta shigo da bokitinta sai ta ce, “Ɗan nan, yaushe za ka fita daga wannan gwangwanin? Namiji har namiji, an rufe ka kamar kifi!” Murmushi kawai yake mata. Can wajen Yaya yake zuwa ya karɓo a'a ɗinsa, ya dawo da ita ɗaki, ta ishe shi har wani makon.

Mijin Yaya ne ya gaji da jin zancen. Wata ranar hutu ya ajiye cokali ya ce, “Kai Auta, kullum zan bari, zan bari, kamar mai shan taba. Akwai abokina, kamfaninsu na sayar da firji da injin wanki, suna neman mai gyara. Na yi masa maganarka. Ginin nan mai gilashi na bayan asibiti, hawa na shida. Ka je jibi da hantsi, don kafin rana ta take zai fita. Ka ga na fita haƙƙinka.”

Auta ya yi godiya har da rusunawa.

Da ranar ta zo ya je wa manaja da ƙaryar ciwon haƙori, yana dafe da kunci. Manaja ya ce, “To wa zai tuƙa mana motar?” ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya ce ya je ya dawo da rana.

Ya goge farar rigarsa da baƙin wando, ya shafa wa takalmi mai. Ginin gilashin ya fi nasu haske, ƙasansa na sheƙi kamar an zuba ruwa. Ba mai gadin da ya tsayar da shi. Ya tarar da lifta a buɗe ba kowa, ya shiga. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi kusurwar dama ba, ya juya baya ga bango, ya haɗa hannaye a gaba. Kafin ya danna nasa hawan wata mata ta faɗo da tarin fayil a ƙirji, ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, “Huɗu.” Ya danna huɗu. Sannan ya danna shida.

A hawa na shida ƙofa ta buɗe. Ga dogon baranda da shuɗin kafet, ga ƙofar gilashi a ƙarshensa da hoton firji a jiki, ga wata budurwa a bayan tebur ta ɗago kai. Tsakaninsa da kafet ɗin taku ɗaya ne. Ya sa hannu ya tare ƙofar, yadda yake tare wa mutane. Sai ga wani saurayi a guje yana gyara wuyan riga: “Ƙasa, malam, yi sauri!” Auta ya janye hannunsa ya danna.

Ya ce a ransa in ya kai shi sai ya dawo. A ƙasa mutum uku na jira, kowa da hawansa. Ya ji bakinsa na cewa, “Wane hawa, ranka ya daɗe?” Wani mai ƙaton agogo ya ce wa abokinsa, “Ashe sun kawo mana mai lifta. An ci gaba.” Ya raba su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma shida, ƙofa ta buɗe, ya kalli kafet, ya tare ƙofar da hannu, ya tsaya. Ba wanda ya shigo wannan karon, ba wanda ya ce masa komai. Ya tsaya har ƙofar ta fara ture masa hannu tana ƙara. Can ƙasa wani ya kira liftar. Ya saki, ta tafi da shi.

Haka ya yi ta yi. Duk zuwa shida sai ya samo dalili: bari numfashinsa ya daidaita, bari gumin hammatarsa ya bushe, bari ya shirya abin da zai fara faɗa. Me ma ake fara faɗa? Sunana wane, na iya kaza? Ya lalubi ranar ƙarshe da ya buɗe baki ya gaya wa wani baƙo ko shi wane ne, ya rasa.

Rana ta kusa takewa ƙofa ta buɗe a shida, wani mai tumbi ya shigo da makullin mota a yatsa, waya a kunne. Da haɓa ya nuna ƙasa. Auta ya danna.

“Ƙanin matar taka fa bai zo ba,” in ji mutumin a waya. “Wallahi tun safe nake zaune. Har na ajiye wata firji da ta gagari yarana, na ce in gwada shi da ita... A'a, ba komai, ai ba laifinka ba ne. Amma ka san mai son aiki ba haka yake ba. Akwai wani da ke ta yi min sintiri, shi zan ba kawai.”

Kafaɗarsa na gogar ta Auta. Auta na jin ƙamshin turarensa, yana ganin ƙurar da ke bakin takalminsa na hagu. Kalma biyu ce: ni ne. Ta taso masa har maƙogwaro. Amma mutum na waya, kuma in mutum na magana a lifta, shi bango ne. Lambobin da ke saman ƙofa suka yi ta raguwa. Da suka isa ƙasa ya tare masa ƙofa ya ce, “A sauka lafiya, ranka ya daɗe.” Mutumin ya ɗaga masa makulli ya wuce.

Da ƙafa ya koma wurin aikinsa, duk da nisan. Sajan ya hango shi ya ce, “Direba, an cire haƙorin ko an bar maka shi ka yi ado?” Auta ya wuce shi. Ya canza riga, ya shiga liftarsa, ya tsaya a kusurwarsa inda takalmansa suka cinye fentin daɓen. Ƙofa ta rufe. Wani irin daɗi ya sauko masa tun daga wuya har gwiwa, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Wannan daɗin ne ya tsorata shi. Kunyar abin da ya faru da safe ba ta kai shi ba. Ya ɗaga kai ya kalli madubin da aka hana shi kallo, ya ga mutumin da ya yi asarar aikin da ya daɗe yana cewa yana so, kuma fuskarsa a sake take kamar an yi masa albishir. Nan ya daina yi wa kansa ƙarya. Sabo ya kai shi kusurwar waccan liftar, gaskiya ne, amma ba sabo ne ya hana shi taka kafet ba. Ya san yana da wurin komawa. Muddin wannan kusurwar na jiransa, ko ofis ɗari aka aika shi, zai kai bakin ƙofa ya tare wa wani ita.

Da aka tashi ya wuce gidan Yaya. Mijin na zaune a falo, Yaya a gefe, ko gaisuwarsa bai amsa ba.

“Ka kyauta, Auta. Ka sa na zama ƙaramin mutum. Ina ka shiga?”

“Na je. Na gan shi ma. Ni na sauko da shi.”

Ya ba su labarin tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Dariya ta so ƙwace wa mijin, haushi ya danne ta, ya tashi ya shige ɗaki yana cewa, “Wannan sai addu'a.” Yaya ta sauke ajiyar zuciya.

“To, Allah ya rufa asiri da ba ka saki naka ba. Ka ga amfanin maganata.”

“Gobe zan ajiye shi.”

“Ka ajiye me? Auta, kanka ɗaya? Yau ɗin nan ka nuna ba ka iya shiga ofis ba, shi ne za ka...”

“Shi ya sa.” Ya sunkuyar da kai. “Kuma ki kwantar da hankalinki, ba ɗakin bayan kicin zan dawo ba.”

Kamar ya watsa mata ruwan zafi. “Ni? Ni na ce maka haka? Ni da na goya ka, bayana duk fitsarinka?” Muryarta ta hau, ta karye. Ta juya tana gyara matashin kujerar da ba abin da ya same shi. Ba ta ce ƙarya yake ba. Shi ma ya ji zafin abin da ya faɗa, don bai taɓa sanin yana riƙe da maganar ba sai da ta fito. Da zai tafi ta cusa masa kwanon abinci a leda ba tare da ta dube shi ba.

Manaja ya ɗauka wasa ne. Da ya ga rigar ruwan toka a ninke a kan teburinsa sai ya cire tabarau.

“Wani ya ɓata maka rai ne?”

“Ko ɗaya, ranka ya daɗe.”

“Ina ka samu?”

“Ban samu ba.”

“Direba, bari in gaya maka gaskiya. Saboda tsohon nan mai ginin ake riƙe da kai, kuma 'ya'yansa sun daɗe suna cewa ba su ga amfanin wurin ba. In ka fita, ba za a ɗauki wani ba, kai ma ba za a mayar da kai ba. Ko ka dawo kana kuka, babu.”

“Na sani. Da akwai komawa, da ban fita ba.”

Manaja ya kalle shi kamar yau ya fara jin muryarsa, ya miƙa masa hannu.

A baranda ya ci karo da Iya mai shara. Da ta ji, sandar gugar ta kusa suɓuce mata. “La ila! Ɗan nan, ni fa zolayarka nake! Kai ba ka san wasa ba? Yanzu in ka shiga wani hali sai a ce tsohuwa ce ta zuga ka.” Ta rage murya. “To ni wa zan riƙa yi wa surutu in ina hawa?” Sajan kuwa ya nemi abin tsokana ya rasa, ya ƙame ya sara masa irin ta soja, da gaske, ba dariya.

Washegari ya farka a lokacin da ya saba, ba inda za shi. Ya zauna a bakin katifa yana sauraron gidan da ya yi shekara da shekaru a ciki bai san shi da hantsi ba. Ashe akwai mai keken ɗinki a ɗakin da ke jikin nasa. Ashe rana na shigowa ta tagarsa ta kwanta a kan kujera. Wata mata na yi wa ɗanta waƙa tana masa wanka, da Auta ya fito ta tsaya cak, ta ja zane, ta ce, “Malam, wa kake nema?” Ya ce nan yake da zama. Ta ce, “Ikon Allah.”

Akwai wani dogon titi a bayan tashar mota inda masu gyara suka jeru, firji da injin wanki da fankoki a zube har bakin kwalta. Ya tsaya a tsallake ya daɗe, motoci na wucewa tsakaninsa da su. Ba wanda zai kira shi, ba wanda ya san ya zo. Ya tsallaka.

A shagon farko wani mai gajeren wando na kwance a bayan firji. Auta ya yi gyaran murya, ya ji ta a dushe kamar ta aro.

“Sannu da aiki, maigida. Na iya gyara. Ko kuna neman hannu?”

“Hannu ya yi mana yawa,” in ji mutumin, bai ko leƙo ba.

Na biyu ya tambaye shi inda ya yi aiki a baya, da ya ji amsar ya yi dariya har da tafa cinya, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Auta ya tsaya aka gama dariyar, ya yi musu sallama. Na uku ya ce maigidan ya fita, a dawo wani lokaci.

Ya samu inuwar wata tsohuwar firji marar ƙofa ya zauna, ya sayi burodi ya ci shi kaɗai. Tafin ƙafarsa na zafi, kuma bai san abin da zai ce wa mai gidan haya ba in wata ya ƙare. Ya karkaɗe ɓurɓushin burodin daga cinyarsa, ya dubi titin. Shagunan na da sauran yawa. Ya tashi ya nufi na gaba, yana maimaita maganar a hankali don kada ta maƙale.